Yadda Japan Ta Sauya Idon Maƙeran Zinariyar Paris

A tsakiyar ƙarni na 19, idan attajirin Paris ya tashi saya wa matarsa kayan ado, abin da yake fara tambayar mai shago shi ne nauyin dutsen. Aikin zinariya kawai ta riƙe lu'ulu'u, wato daimon, shi kuwa maƙerin da ya ƙera ta ba a cika damuwa da sunansa ba. Bayan shekara arba'in, a wannan birni dai, sai ga jama'a na cincirindo gaban akwatin gilashi suna kallon matajin ƙaho da aka yi wa ado da fiffiken ƙwaro, ana kuma sayensa da tsadar da ba ruwanta da kuɗin kayan da aka yi shi da su. Dalilai da dama suka haɗu suka kawo wannan sauyi, amma babba daga cikinsu wata ƙasa ce wadda matanta a lokacin ba su saba sa 'yan kunne ba, ba su saba rataya sarƙa ko sa zobe ba. Ƙasar ita ce Japan.

Tun daga shekarun 1630 gwamnatin shogun, wato shugaban soja, ta gidan Tokugawa ta rufe ƙofar ƙasar. Cikin Turawa, mutanen Holand kaɗai aka bari su yi ciniki, su ma an killace su a wani ɗan tsibiri mai suna Dejima a gaɓar Nagasaki. Ta wannan 'yar kafa tangaran da akwatunan da aka shafe da ƙaron itace mai sheƙi suka riƙa isa fadojin Turai, amma talakan mai sana'a a Paris bai san komai game da zanen Japanawa ba. A watan Yulin 1853 wani hafsan sojan ruwan Amurka, Matthew Perry, ya iso gaɓar Edo, wato Tokyo ta yau, da jiragen yaƙi 4, ya ce a buɗe ƙofa. A 1854 aka sa hannu a yarjejeniya, a 1858 Faransa ma ta sami tata. Daga nan kaya suka fara kwarara: mafitai, alharini, tangaran, kayan tagulla, da littattafan zane masu arha.

Cikin littattafan nan, wanda ya fi shiga ran masu sana'a shi ne Manga na Hokusai, mai zanen da ya rasu a 1849. Juzu'i 15 ne, na farko ya fito a 1814. Shafi bayan shafi ne na tsuntsaye da kifaye da ƙwari da ciyayi da 'yan kokawa da 'yan dako, kowanne an kama shi yana cikin motsi da 'yan layuka kaɗan. Ana ba da labarin cewa mai zane Félix Bracquemond ya ci karo da wani juzu'i a shagon wani mai ɗab'i wajajen 1856, ya riƙa yawo da shi yana nuna wa abokai. Sai kuma manyan bukukuwan baje koli suka zo suka ƙara wa wutar itace. A na Landan na 1862 aka nuna kayan da Rutherford Alcock, wakilin Ingila a Japan, ya tara. A na Paris na 1867 Japanawa da kansu suka zo, kuma a rarrabe: gwamnatin shogun da nata kaya, masarautar Satsuma da ke shirin kifar da ita da nata. Shekara guda bayan haka, a 1868, mulkin shogun ya faɗi, aka shiga zamanin Sarki Meiji.

Kafin mu shiga maƙera, bari mu san kayan aikin. Inamel gilashi ne da ake dakawa ya zama gari, a wanke shi, a shimfiɗa a kan ƙarfe, a sa a tanderu mai zafin digiri 800 ko kusa da haka, ya narke ya manne. Duk wanda ya taɓa ganin langa da fanteka a jeren amarya ya san shi, domin wannan shafe mai sheƙi da ke ɓantarewa ya bar baƙin tabo idan kwano ya faɗi, inamel ne. Su dai maƙeran Paris a kan zinariya suke yinsa, da hannu, a filin da sau da yawa bai fi kan babban yatsa ba. Damuwar mai wannan aiki kullum ita ce yadda zai hana launuka gudu su cakuɗe idan sun narke. Wata dabara ita ce a ƙwaƙule gurabe a jikin ƙarfen a cika su, kuma da ita garin Limoges na Faransa ya yi suna a ƙarni na 12 da na 13. Wata kuma ita ce a lanƙwasa siririyar waya ta zinariya, a kafa ta a tsaye bisa layin zanen, ta zama shinge tsakanin launi da launi. Faransawa na ce mata kulwazone, mu kira ta aikin shinge. Gilashin na raguwa duk lokacin da ya narke, saboda haka sai a sake cikawa a sake gasawa, sau da dama, sannan a goge da dutse har waya da gilashi su zo daidai. Kuskure ɗaya a wutar ƙarshe ya isa ya watsa aikin makonni.

Gidan da ya fara ɗaura auren wannan aiki da zanen Japan a kan kayan ado shi ne gidan Falize. Alexis Falize haifaffen Liège ne a ƙasar Beljiyam ta yau, an haife shi a 1811, ya zo Paris yana matashi, ya buɗe maƙerarsa a 1838. Shekara da shekaru yana ƙera wa manyan shaguna kaya suna sayarwa da sunansu. Ɗansa Lucien, wanda aka haifa a 1839, ya je Landan ya ga baje kolin 1862, abin kuma ya shiga ransa har an ruwaito cewa ya so ya tafi Japan da kansa, iyayensa suka hana. Da tafiya ta ƙi, sai uba da ɗa suka kawo Japan cikin maƙera. Suka haɗa hannu da wani gwanin inamel mai suna Antoine Tard, kuma daga wajajen 1867 suka fara fitar da sarƙoƙi da 'yan kunne da munduwa da ƙananan akwatunan wuya, irin waɗanda Turawa ke ɓoye hoton masoyi a ciki, dukkansu da aikin shinge.

Wanda ya ga ɗaya daga cikinsu, a gidan tarihin Victoria and Albert da ke Landan misali, zai fara lura da cewa gilashi ne ke riƙe da ido, ba dutse ba. A kan fili mai launin shuɗin sama ko ruwan ƙwai, ga tsuntsu mai dogon wuya dangin gauraka yana tashi, ga zakara ya sunkuya yana tsince, ga malam-buɗe-littafi a kan fure, ga reshe ya shigo daga gefe ya tsaya bai kai tsakiya ba. Sau da yawa gaba da baya duk an yi musu aiki, kuma kowane gefe da zanensa, har mai abin na iya juya shi ta sa wanda ta ga dama. Ga idon Bature na wancan zamani wannan baƙon abu ne ƙwarai. Adon da ya sani ma'auni gare shi: abin da ke dama shi ne a hagu, babban dutse a tsakiya, ƙanana na kewaye da shi kamar fadawa. Nan kuwa an bar fili a wofi da gangan, an ture tsuntsu gefe guda.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. Zanen na Japan ne, da dama daga cikinsa an ɗebo shi daga littattafai irin na Hokusai, amma dabarar shingen da launukan sun fi kama da na ƙasar Sin. A watan Oktoban 1860 sojojin Ingila da Faransa sun wawashe Fadar Bazara ta sarkin Sin a wajen Beijing, aka kwaso manyan tukwane da kaskon turare na aikin shinge zuwa Turai, har Sarauniya Eugénie ta Faransa ta buɗe musu ɗaki na musamman a fadar Fontainebleau a 1863. Wannan ganima ce ta tunatar da Paris sana'ar da Rumawan Bizantiya suka ƙware a kai ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Ita kuwa Japan a lokacin aikin shingenta rarrafe yake. A shekarun 1830 ne wani mutumin yankin Nagoya mai suna Kaji Tsunekichi ya farfasa wani abu da aka shigo da shi daga waje don ya gano yadda aka yi shi, kuma abin da shi da almajiransa suke fitarwa zuwa 1867 launinsa a dushe yake, bai kama ƙafar na Tard wajen sheƙi ba. Mutanen Paris ba su damu da bambance Sin da Japan ba. Duk gabas ce a wurinsu. Abin da Japan ta ba Falize dai ido ne, hannun kuwa daga wani wuri ya samo shi.

Shi Tard ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, domin shi ne ke gaban tanderu, amma sunan da duniya ta riƙe na mai gida ne. Ya yi wa kamfanin Christofle ma aiki, inda shugaban masu zane, Émile Reiber, ya kamu da son kayan gabas. Yaƙin 1870 da Jamus da tarzomar Paris ta 1871 sun tsayar da kasuwa na ɗan lokaci. A cikin wannan ruɗani wani ma'aikacin banki mai arziki, Henri Cernuschi, ya bar gari ya tafi Japan da Sin, ya dawo da dubban kayan tagulla da tangaran, aka baje su a Paris a 1873. Reiber ya je ya zauna gabansu yana zanawa. A 1872 marubuci Philippe Burty ya riga ya raɗa wa wannan zazzaɓi suna, Japonisme.

Wani abu da ya faru a Tokyo a 1876 ya fi duk waɗannan tasiri a kan maƙera. Gwamnatin Meiji ta hana samurai, wato mayaƙan gado na Japan, yawo da takobi. Ƙarnuka ke nan mafi gwanintar maƙeran Japan na cin abinci daga adon takobi: faifan ƙarfen da ke kare hannu, wanda suke kira tsuba, da ƙananan adon ƙota da na kube. Dare ɗaya kasuwarsu ta mutu. Tsofaffin kayan takobi suka cika shagunan dillalai suka gangaro Turai da arha, su kuma maƙeran suka koma yin tukwane da akwatuna don baƙi, gwamnati na ƙarfafa musu gwiwa saboda tana neman kuɗin waje. A jikin waɗannan kaya Faransawa suka ga abin da ba su taɓa tunani ba, wato ƙarfe mai launi. Akwai shakudo, jan ƙarfe da aka zuba wa 'yar zinariya kaɗan, a dafa shi a wani ruwan magani ya koma baƙi mai shuɗi-shuɗi. Akwai shibuichi, jan ƙarfe da azurfa, mai ba da launin toka iri-iri. Maƙerin Japan na iya zana dare da wata da agwagwa a kan baƙin ƙarfe, zinariyar da ke ciki ba ta fi ƙwayar gero ba, abin kuma ya zama na sarakuna. Haka sauran adonsu yake. Tun da rigar kimono ba ta da aljihu, namiji na rataya ɗan akwatin magani mai suna inro a ɗamararsa, ya tare igiyar da wani ɗan sassaƙe na katako ko haure. Mace kuwa adonta a gashi yake: mataji da tsinken gashi na katako ko ƙoƙon kunkuru ko ƙarfe. A baje kolin Paris na 1878, inda gidan Falize ya ci babbar lamba, kamfanin Tiffany na Amurka ma ya ci tasa da kayan azurfa da ya yi a kan salon ƙarafan Japan, abin da ya sosa wa Faransawa rai ba kaɗan ba.

Darasin ya zo a kan gaɓa. An gano lu'ulu'u a Afirka ta Kudu a 1867, ramukan Kimberley suka buɗe a 1871, dutsen da dā sai 'yan sarauta da manyan attajirai ya zama abin da duk sabon mai kuɗi zai iya saya. A 1887 ma gwamnatin jamhuriya ta yi gwanjon kayan adon sarautar Faransa. Idan kowa na da farin dutse, da me mai ɗanɗano zai bambanta kansa? Lucien Falize, wanda ya karɓi gidan daga mahaifinsa a 1876, ya kasance mai rubutu kamar yadda yake maƙeri, ya kuma tsaya a kan cewa martabar sana'ar a zane da launi da gwanintar hannu take. Ya sami abokin tafiya a wurin Siegfried Bing, haifaffen Hamburg, babban dillalin kayan Japan a Paris. Daga 1888 zuwa 1891 Bing ya riƙa buga mujalla duk wata mai suna Le Japon artistique, fitowa 36, da Faransanci da Ingilishi da Jamusanci, cike da hotuna masu launi na zanen yadi da kayan takobi da furanni, kuma masu sana'a yake nufi da ita. Lucien na cikin waɗanda suka yi rubutu a ciki. A watan Disambar 1895 Bing ya sake fasalin shagonsa ya sa masa suna L'Art Nouveau, wato sabuwar fasaha, sunan da ya bi salon gaba ɗaya.

Lucien ya rasu a 1897, mahaifinsa ya bi shi a 1898. Waɗanda suka gaje su sun girma ne da hotunan Japan a bangon ɗakunansu, ba sa bukatar kwafar tsuntsu daga littafi. Misali mafi kyau shi ne Henri Vever, wanda iyalinsa suka baro Metz bayan Jamus ta ƙwace garin a 1871. Da rana yana shugabantar ɗaya daga cikin manyan gidajen kayan ado na Paris, da dare yana zaune da abokai suna miƙa wa juna hotunan Hokusai da Utamaro da Hiroshige, waɗanda ake bugawa da sassaƙaƙƙen katako. Yawancinsu ta hannun Bing ko ta hannun Hayashi Tadamasa suke zuwa, wani Bajapane da ya zo Paris a 1878 a matsayin tafinta ya zama dillali. Vever ya tara dubbai. Shi ne kuma ya rubuta tarihin sana'ar a juzu'i 3, tsakanin 1906 da 1908, littafin da har yau ake komawa gare shi.

Wannan tsara ta biyu wani irin inamel ta rungume, mu kira shi aikin taga. Shinge ne dai na waya, amma ba shi da bayan ƙarfe, haske na ratsa gilashin ya fita ta ɗaya gefen. Ko dai a huda zinariyar a cika ramukan da jiƙaƙƙen garin gilashi kaɗan-kaɗan yana riƙe kansa, ko a ɗora a kan wani abu na wucin gadi a ɓare shi bayan gashi. Tsohuwar dabara ce ta Turai, Benvenuto Cellini ya bayyana ta a littafinsa na 1568, daga baya aka yi watsi da ita saboda wuyarta da saurin fashewarta. Charles Riffault ya farfaɗo da ita yana yi wa gidan Boucheron aiki, Fernand Thesmar kuma ya riƙa yin ƙananan kofuna da ita. Amma sai da maƙera suka fara zanen ƙwari da ganye sannan aka ga amfaninta na gaskiya. Fiffiken ƙwaro da ma jijiyoyi ne da siririn fata mai ratsa haske; waya ta zama jijiya, gilashi ya zama fata, faɗuwa ta zo daidai da zama.

Wanda ya kai abin ƙarshe shi ne René Lalique. An haife shi a 1860 a garin Aÿ, ya shiga koyon sana'a a wurin Louis Aucoc yana ɗan shekara 16, ya yi karatun zane a Landan daga 1878 zuwa 1880, ya yi wa manyan shaguna zane kafin ya sami tasa maƙerar. Shahararriyar 'yar wasan kwaikwayo Sarah Bernhardt na cikin waɗanda suka fara sa kayansa. Daga 1890 zuwa 1897 Eugène Feuillâtre ne ke kula da sashen inamel a wurinsa. Lalique ya ɗauki ƙaho, wanda dā sai dai a yi wa talaka mataji da shi, ya sassaƙa shi ya rina shi ya ɗora masa zinariya. Ya yi tsattsewa da zanzaro da jemage da ɗawisu da macizai, ya yi furen da ya fara yaushi, ya yi itatuwan hunturu da ƙanƙara a rassansu. Mafi shaharar aikinsa wani abin maƙalawa a ƙirji ne da ya yi a 1897 zuwa 1898, mai siffar mazari, ƙwaron nan mai fukafukai huɗu da ke shawagi a bakin ruwa. Faɗinsa ya haura santimita 26. Fukafukan na aikin taga ne, an yi musu gaɓoɓi suna motsi, jelar zinariya ce doguwa, daga bakin ƙwaron kuma ga rabin jikin mace na koren dutse yana fitowa, ga manyan farata biyu a gefe. An nuna shi a baje kolin 1900, wanda mutum kusan miliyan 50 suka ziyarta, attajirin man fetur Calouste Gulbenkian kuma ya saye shi.

Me ke na Japan a jikin wannan abu? Shi ƙwaron kansa. Japanawa sun daɗe suna girmama mazari, samurai na sa shi a hular yaƙi da kayan takobi saboda imaninsu cewa gaba yake yi ba ya ja da baya. Kafin zuwan kayansu, wuya ne Baturiya mai daraja ta yarda a ɗora mata irin wannan halitta a ƙirji da sunan fasaha. Haka ma mataji a matsayin babban abin ado, da zanen da ke bin yanayin shekara, da yarda cewa abu mai arha na iya zama mai daraja idan hannu ya yi masa aiki. Amma macen da ke fitowa daga bakin ƙwaro da faratan dodo, wannan mafarkin Paris ne na ƙarshen ƙarni, ba ruwan Hokusai da shi. A ganina ma a nan Lalique ya fi yin nisa da malamansa, domin Bajapane da ƙaramin abu yake isar da saƙonsa, wannan kuwa ihu yake yi. Matazansa na ƙaho, masu reshe ɗaya da 'yan furanni, sun fi wannan mashahurin mazari kusa da abin da Japan ta koyar.

Wanda ya fi kowa bin darasin sau da ƙafa shi ne Lucien Gaillard, haifaffen 1861, wanda ya gaji maƙerar gidansu a 1892. Shi bai tsaya ga kallon kaya ba, sai ya ɗauko masu sana'a daga Japan, maƙera da masu shafen ƙaro, suka zo Paris suka yi aiki a maƙerarsa. Ya koyi haɗa ƙarafa da rina su. Kowane abu nasa jigo ɗaya yake ɗauka: reshe mai ƙaya da fure, ko mazari biyu suna artabu, ko 'ya'yan itace da iska ke ɗauka, ba ƙari. Gidan tarihin Orsay a Paris da Rijksmuseum a Amsterdam na da irinsu. Hatimin da ke jikinsu dai na Gaillard ne. Baƙin da suka yi aikin sun bi sahun Tard.

Yayin da ake wannan, aikin shingen Japan ya tashi daga rarrafe ya kama gudu. Wani masanin haɗa magunguna Bajamushe, Gottfried Wagener, ya taimaka musu a shekarun 1870 wajen gyara gilashinsu ya yi haske. Namikawa Yasuyuki na Kyoto ya fito da baƙin fili mai sheƙi kamar madubi da waya siririya kamar gashi. Namikawa Sosuke na Tokyo, wanda suna kawai suka haɗa, ya gano yadda za a cire wayar kafin gashin ƙarshe, launuka su shiga juna kamar zanen buroshi. A 1896 aka naɗa su biyun masu fasahar fadar sarki. Zuwa 1900 babu wanda ke yin tukunyar aikin shinge a Turai da zai ja da su. Ana kuma faɗin cewa a baje kolin wannan shekara ne Ando Jubei na Nagoya ya ga aikin tagar Thesmar, ya koma gida da shi. Mutanensa suka samo hanyar kansu: su gina abin a kan jikin jan ƙarfe, su gasa, sannan su narkar da jan ƙarfen da asid, ya rage waya da gilashi kaɗai. Shekara talatin da 'yan kai bayan Falize ya ari zane daga Japan, Japan ta ari dabara daga Faransa.

Salon bai yi tsawon rai ba. Kayan na fashewa da wuri, gyaransu kuma sai gwani. Matan manyan gidaje da dama ba su taɓa sakin lu'ulu'u ba, gidan Cartier kuma na ba su shi a kan farin ƙarfen filatinam, siriri kamar leshi. Masana'antu, musamman na garin Pforzheim a Jamus, suka riƙa buga kwaikwayon mazari da furanni da inji suna sayarwa da arha, har abin ya gundure mutane. Bing ya rufe shagonsa a 1904, ya rasu a 1905. Lalique ya koma yin kwalaben turare da mai turare François Coty, ya yi baje kolin kayan adonsa na ƙarshe a 1912, ya ƙare rayuwarsa a matsayin mai gilashi. Feuillâtre ya mutu a 1916. Tasirin Japan bai ɓace ba, kama ya sauya: maƙeri Jean Dunand ya koyi shafen ƙaro a 1912 daga wani Bajapane mazaunin Paris, Seizo Sugawara, a shekarun 1920 kuma Cartier na yi wa mata akwatunan hoda da jan baki masu siffar inro.

Shi kuwa Vever, wajajen ƙarshen Yaƙin Duniya na Farko ya sayar da hotunansa kimanin 8,000 ga Matsukata Kojiro, shugaban kamfanin ƙera jiragen ruwa na Kawasaki a Kobe, a 1924 kuma ya ba gidan tarihin fasahar ado na Paris kyautar kayan adon ƙarni na 19 da ya tara. Mai son ganin wannan tarihi da idonsa, aikin Falize da Tard na Landan, na Vever na Paris, mazarin Lalique na gidan tarihin Gulbenkian a Lisbon. Hotunan da Vever ya sayar kuwa suna Babban Gidan Tarihi na Ƙasa a Tokyo.